KWANTAR DA HANKALINKI, IN JI MAI TAYAR DA SHI

'Yan uwana mata, iyayen gida da amare da 'yan mata, musamman na ƙasarmu ta yamma, tun daga Babban Duhu da Runka da Zakka har Ruma da Wagini da cikin garin Batsari. Na saba zuwa muku da labarin soyayya, to yau da faɗa na zo. Wadda ta san ranta ba ya ɗaukar gaskiya gara ta buɗe shafi na gaba tun yanzu, ba zan ji haushi ba.

Akwai wata magana da take fitowa daga bakinmu duk shekara da zarar bazara ta kama, an kafe jadawalin WAEC a makaranta. Za ki ga yarinya ta rame, idanu sun faɗa, abinci sai ta tsakura ta ture, ana yi mata magana tana kallon wani wuri daban. Sai uwa ta dube ta ta ce, "Ke kuma mi ya same ki? Ki kwantar da hankalinki mana, jarrabawa ce fa ba lahira ba." Kafin yarinyar ta haɗiye wannan magana an miƙa mata bokiti. Wallahi na tsani jin wannan kalma a irin wannan baki. Ke kika tayar da ƙurar, ke ce kuma mai cewa a daina tari.

Ku zo mu ƙirga tare, don kada a ce Hajiya mai littafi ta cika ƙarin gishiri. Yarinya 'yar aji shida ta tashi da asuba ta yi salla, ta hura wuta, ta ɗora ruwan koko, ta share tsakar gida, ta wanke kwanukan dare, ta je tuƙa-tuƙa ta bi layi ta yi sawu biyu ko uku, ta wanke ƙannenta. In makarantar a wani gari take, ta taka da ƙafa ko ta jira mai babur. Ta dawo cikin ranar nan ta watan Mayu mai dafa mutum da ransa, ta tarar surfe yana jiranta, ko a ɗora mata farantin awara a ce ta zagaya kafin la'asar. Da yamma ga tuwo, ga miya, ga goyo. Ɗan uwanta namiji da suke aji ɗaya tun azahar yana gindin dalbejiya da littafinsa, ya shigo ya ci tuwon da ta tuƙa, ya ture kwanon da ita za ta wanke. Sai bayan isha za ta jawo tocilan ta buɗe littafin lissafi, jiki duk ya mutu, layi biyu ta fara gyangyaɗi. Fanni takwas ko tara ake jira ta rubuta, kuma sai ta samu kiredit isassu har da Turanci kafin wata babbar makaranta ta dube ta. Ana gama WAEC sai NECO ta shigo a Yuni da Yuli, daidai lokacin shuka da noman farko, ita ce kuma mai kai abinci gona. To don Allah a cikin wannan hidima ina ne za ta ajiye hankalin nata ya kwanta?

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta a gidan suna da gidan biki. "Mu ma ai haka muka tashi." "Aikin gida ai tarbiyya ne, gobe gidan wani za ta." Ban ƙi ba. Ni ma da muciya a hannu na girma, kuma ban taɓa cewa a mai da ɗiya 'yar hutu ba. Amma yarinyar da ta shekara goma tana tuƙa tuwo, mako shida ne zai sa ta mance yadda ake riƙe muciya? Tuwo yana nan gobe yana nan jibi. Jarrabawar nan kuwa ga yawancin 'ya'yanmu sau ɗaya ake biyan kuɗinta, in ta wuce ta wuce. Wata sai da ta tsallake kwalifayin da ƙyar, wata akuyar uwarta aka kai kasuwa. A sayar da akuya don jarrabawa, sannan a hana yarinya lokacin da za ta yi wa jarrabawar karatu, wannan wane irin lissafi ne?

Wadda za ta ce min, "To ni kaɗai ce, ga ciki ga goyo, wa zai kama min?" ita kam ina jin ta, kuma ba da ita nake faɗa ba. Amma mu mata mun iya adashi. Mun iya haɗa gudunmawar biki tun saura wata uku, mun iya kwana a gidan maƙwabciya muna suyar cincin da dubulan saboda za a kai ɗiyarta ɗaki. In ana shirin auren yarinya har ɓoye ta muke yi, a hana ta shiga rana, a yi mata dilka da lalle, ko tsinke ba ta ɗagawa. Ashe mun san yadda ake hutar da yarinya in mun ga dama. Me zai hana gwaggo ta karɓi ɗebo ruwa, matar yaya ta karɓi tuwon dare, ƙato ɗan shekara goma sha biyar da yake yawon ƙwallo ya ɗauki jarka? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun fi kowa sanin haka, sai dai ba mu ɗauki karatun 'ya mace a matsayin jinkar da ta isa a taru a kanta ba.

Aikin ma da sauƙi a kan baki. Bakinmu shi ne babbar masifa. "Kin ga ɗiyar wance, tara ta kwaso." "Duk kuɗin nan da babanki ya kashe." Wadda ta fi ci min rai ita ce, "In kika faɗi, wallahi babbar salla ba za ta same ki a gidan nan ba." Subhanallahi! Aure da muke cewa sutura ne, shi muka mayar dorina muke kaɗa wa yarinya. Mun ɓata mata jarrabawar, mun kuma ɓata mata auren tun kafin ta shige shi, don duk ranar da aka kai ta za ta riƙa ganin hukunci ne aka yanke mata. Yarinya ta shiga ɗakin jarrabawa an ba ta tambaya a kan tsiro da ganye, ita kuwa abin da take gani a takardar fuskar mutumin da aka ce za a ba ta ne. Ina ɗiyar wata 'yar uwata, yarinya mai kai ƙwarai, malamai har gida suke zuwa yabonta. Daren da za su rubuta lissafi mahaifinta ya kira ta ya faɗa mata an karɓi kuɗin gaisuwarta, wai don ta san matsayinta. Ta ce min da aka raba takarda tana ganin lambobi kamar tururuwa, awa guda ba ta rubuta komai ba sai sunanta. Shi kuwa har yau cewa yake ita ce ba ta da ƙoƙari.

Abin da ya same ta ba iska ba ne, ba kuma daƙiƙanci ba. Ko a bayolojin sakandare an koya mana cewa in mutum ya tsorata jikinsa yana sakin wani sinadari, adirenalin, zuciya ta hau bugu, numfashi ya gajarce, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe, ciki ya murɗa. Jiki yana shirin gudu ne ko kokawa, haka Allah ya halicce shi don mu tsira in mun yi karo da maciji. Kaɗan daga wannan yana da amfani, shi ke sa mutum ya farka ya mai da hankali. In ya yi yawa sai ya kulle ɗakin da aka ajiye karatu. Karatun yana ciki, ƙofar ce ta ƙi buɗuwa, shi ya sa za ki ji yarinya ta ce tana fitowa waje amsar ta faɗo mata.

To 'ya'yanmu na wannan yanki su jikinsu ya riga ya saba da shirin gudu, kuma ba na wasa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu da muke maƙwabtaka da dajin Rugu mun san mene ne kwana da takalmi a ƙafa, mun san yadda ƙarar babur da tsakar dare take tsinka hanji. Yarinyar da take aji shida a waɗannan shekaru tana ƙarama aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020, aka rufe makarantun kwana. A Satumbar 2021 aka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 13 har da Safana da Batsari, aka hana sayar da mai a jarka, alhali yayyenta suna tsakiyar WAEC ta shekarar, wadda cutar korona ta tura zuwa Agusta. A Oktoban 2023 aka ɗauke ɗalibai mata na jami'ar Dutsin-Ma. An yi zaman sulhu a 2025, mun ji mun kuma yi fatan alheri, amma a Nuwambar shekarar da aka sace 'yan mata a Maga ta jihar Kebbi sai da aka sake rufe makarantu a Katsina. Wata an yi gudun hijira da ita ta rasa zango biyu, wata ta canza makaranta sau uku, wata babanta aka kashe a gona. Wannan yarinya ita ce za ta zauna ta rubuta takarda iri ɗaya, cikin minti iri ɗaya, da yaron Legas da ake kai wa a mota. Ta zo da kayanta niƙi-niƙi tun daga waje, mu kuma da ya kamata mu sauke mata sai mu ɗora mata dutsen niƙa.

Shi ya sa wani lokaci in na ji masu ba da shawara a rediyo dariya take kama ni, dariyar takaici. Wai ɗalibi ya samu ɗaki shi kaɗai mai iska da haske, ya ajiye tebur, ya sha ruwan 'ya'yan itace, ya ɗan fita shan iska da yamma. A ina? A ɗakin da mutum bakwai suke kwana? Shan iska da yamma a bayan garin da ko itace sai an yi ayari ake zuwa? Ba su yi ƙarya ba, amma da 'ya'yan GRA suke magana. Mu namu maganin sai mun haɗa shi da abin da ke cikin madafinmu, kuma yana nan, mu ne muke tsallake shi.

Na farkonsa barci, kuma a nan zan juyo kanku 'yan mata, don ku ma kuna da naku. Wannan al'ada ta kwanan zaune, a tsoma ƙafa cikin ruwan sanyi, a tauna goro, a kaɗa Nescafe mai kauri, a kora da lemon nan na ƙarin kuzari, wai ana karatu har asuba, wallahi cutar kai ce. Masana lafiya sun ce mai shekarunku yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa take jera abin da aka zuba mata da rana ta adana. Ki karanta ki ƙi barci, kamar ki dama fura ne ki zuba a kwando. Sinadarin da ke cikin goro da Nescafe kuwa bayan awa biyar ma kusan rabinsa yana nan cikin jini, ki sha da la'asar ya hana ki runtsawa, gari ya waye hannunki yana rawa, gabanki yana faɗuwa, ki ce jarrabawa ce ta firgita ki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ba ki sani ba da ƙarfe goman dare, ƙarfe ukun dare ba zai koya miki shi ba.

Ƙwaya kuwa ko sunanta ba na son ji. Duk ƙawar da ta miƙo miki wani abu ta ce yana buɗe kai ko yana kashe fargaba, ki dube ta da kyau, ba ƙawarki ba ce. Da yawa daga matan da suka lalace da kodin kafin gwamnati ta hana shi a Mayun 2018 da "ɗan kurɓi ki samu natsuwa" suka fara, tiramol ma haka yake shiga.

Yadda ake karatun ma mun baro shi a gida mun tafi nema a waje. Wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya gwada tun 1885 ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a awannin farko da ranar farko take faruwa, in ana komawa kan abu lokaci bayan lokaci sai ya zauna. To wannan ai kowane almajiri ya san shi, shi ne tishi. Gardi ba ya haddace izu a dare ɗaya, kullum yana komawa baya, kuma rufe allon yake yi ya karanto da ka. Ke ma haka za ki yi. Ki karanta shafi, ki kife littafin, ki faɗa wa ƙanwarki ko bangon ɗaki abin da kika gane, inda kika kakare nan ne aikinki yake. Ki nemi tambayoyin shekarun baya ki amsa da agogo a gabanki. Minti arba'in da asuba bayan salla, kai yana wasai gari da sanyi, ya fi awa uku na gyangyaɗi. Ku haɗu ku uku ko huɗu a zauren gidan da ya fi shiru, da rana, kowa ta koyar da abin da ta fi iyawa. Waya kuma a ba Inna ta ɗaure a bakin zane. Labarina da Daɗin Kowa ba za su gudu ba, TikTok ma haka. Har littattafanmu na soyayya, ni mai rubuta su nake faɗa miki, ki tura su ƙarƙashin katifa sai an gama, jarumar tana nan tana kukanta za ki dawo ki same ta.

Saurayi ma a ba shi hutu. Wanda zai zo ya tsayar da ke a ƙofar gida daga magariba har ƙarfe goma alhali ya san gobe kina da Turanci, in kin ce za ki shiga ya kumbura ya ce kin fifita boko a kansa, ki rubuta wannan ki ajiye, haka zai yi miki a ɗaki. Ke kuma uwa, ke ce kike aika yaro ya ce "tana zuwa" saboda 'yar ledar da yake kawowa.

Akwai abin da kunya take hana mu faɗa, ni kuwa zan faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jarrabawar nan ta fi wata guda ana yi, dole al'adar yarinya ta same ta a ciki. Ta zauna awa biyu ko uku a benci, ga maza a bayanta, ga mai tsaron jarrabawa namiji, ga ciwon mara, hankalinta rabi a takarda rabi a bayan siket. Wace uwa ce a cikinmu ta taɓa zama da ɗiyarta suka dubi jadawalin suka lissafa ranakun? Ki tanadar mata audugar mata ko ƙunzugu mai tsabta isasshe, da maganin ciwon mara daga hannun ma'aikaciyar asibiti. Da yawansu kuma jininsu ne ya yi ƙasa, shi ke kawo jiri da kasala da bugun zuciya. Zogale da wake da alayyahu da 'yar hanta in an samu sun fi lemon kwalba amfani a gare ta. Kada ta fita da cikin wofi, ko ɗumame ne ta ci, ta riƙe ruwa a gora. In yarinya ta yanke jiki ta faɗi a makaranta, kafin mu ce mutanen ɓoye ne mu fara tambaya, ta karya? Ta yi barci? A yi mata addu'a, a kuma kai ta asibiti a duba jininta.

Addu'a kam ba mai raba mu da ita, kuma ni shaida ce alwala da ruwa mai sanyi da raka'a biyu cikin natsuwa suna saukar da bugun zuciya. Abin da nake faɗa da shi shi ne cinikin da ake yi da sunanta. Uwa ta hana yarinya lokacin karatu, sannan ta kwashi kuɗin adashinta ta kai wa wani ya tofa a biro, ya ce da ta ɗora a takarda amsa za ta zubo. Malaman kirki ba sa faɗin haka, su da kansu da tishi suka samu nasu. Ɗan uwan wannan shi ne kuɗin satar amsa, a bi gida-gida ana karɓa wai za a "taimaka wa yara". Ki duba irin zaman da yarinya take yi a ranar, ido a taga, tana jiran takardar da ba ta san ko za ta iso ba, ko ta gaskiya ce, ko jami'in hukuma zai faɗo. Wannan shi ne natsuwar da kika saya mata? A 2025 kaɗai WAEC ta riƙe sakamakon ɗalibai sama da 190,000 saboda zargin maguɗi. Ga asarar kuɗi, ga zullumin watanni, ga yarinya ta koya daga bakin uwarta cewa kanta ba zai iya ba.

Ke da za ki shiga ɗakin, ga abin da ba ya cin ko kwabo. In an ajiye miki takarda kika ji gabanki ya yanke, kada ki kama rubutu. Ajiye biron, ki dafa benci da tafin hannu, ki yi bisimilla, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali ta baki kina ƙirga shida ko takwas. Ki yi haka sau biyar. Fitar da numfashi a hankali shi ke gaya wa zuciya babu abin gudu, kuma duka-duka minti ɗaya ne. Sannan ki karanta tambayoyin gaba ɗaya, ki fara da wadda kika fi sani ko da ita ce ta ƙarshe, in hannu ya saki sauran za su biyo. Kada ki kalli ta kusa da ke don ta nemi ƙarin takarda, wata shirme take cikawa. In kun fito kuma ki guji dandalin nan na "me kika rubuta a ta uku?", wanda aka rubuta ya tafi, ki wuce gida ki ci abinci ki kwanta.

Ban manta da ku ba matan aure masu rubuta jarrabawa, don kuna da yawa yanzu, wata da ciki wata da goyo. Maigida, in wannan littafi ya faɗo hannunka, kai ka ba ta izini, to ka cika alherinka, wata guda ka ci abin da ya samu ba tare da ƙorafi ba. Ke kuma abokiyar zama, na san abin da wuya, amma ki karɓar mata girki ranar da take da takardar safe. Mu ne fa muke kuka kullum cewa mun je haihuwa ba mu tarar da mace ba, ko mun tarar da wadda ba ta jin Hausa. Makarantar ungozoma tana Malumfashi, ta kiwon lafiya tana Kankiya da Daura, ga kwalejin Isa Kaita da jami'ar tarayya nan Dutsin-Ma kusa da mu. Babu wadda za ta shiga ɗaya daga cikinsu sai ta ƙofar wannan jarrabawar. Ma'aikaciyar birni ba ta son a turo ta ƙauyukanmu, kuma ban ga laifinta ba. Wadda za ta zauna da mu cikin daɗi da wuya ita ce wadda uwarta take nan, wato wannan da kika aika tuƙa-tuƙa da littafi a hammata.

Saura ranar sakamako, ranar da muka fi yin ɓarna. Ku tuna abin da ya faru a 2025. A JAMB ɗalibai sama da miliyan ɗaya da rabi suka kasa kai maki 200, gidaje suka ɗauki zagi da kuka, bayan 'yan kwanaki shugaban hukumar Farfesa Ishaq Oloyede ya fito yana hawaye ya ce na'urarsu ce ta yi kuskure, ɗalibai 379,997 a Legas da kudu maso gabas su sake rubutawa. A ƙarshen Mayu aka jinkirta takardar Turanci ta WAEC har yara a wurare da dama suka rubuta ta da dare da hasken tocilan. Da Agusta ta zo aka ce kashi 38 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar da Turanci da lissafi, kwana huɗu bayan nan hukumar ta ba da haƙuri ta ce an yi kuskure wajen maki, adadin ya koma kusan kashi 63. Ki yi tunanin yarinyar da aka zage tas a cikin kwana huɗun nan, aka kira ta asararriya a gaban ƙannenta, ko aka aika wa dangin wani cewa su turo. Wa zai kwashe wannan ya mayar?

Don haka in sakamako ya fito ba yadda ake so ba, ki ja bakinki ki rufe, ki kori 'yan jin ƙwaƙwaf, ki zuba mata abinci. A jira na NECO. Makarantu da yawa suna karɓar sakamako biyu a haɗe, wanda ta rasa a nan ta cike da na can, kuma akwai ta masu zaman kansu da ake yi wajen ƙarshen shekara in fanni ɗaya ko biyu ne ya tsaya mata. Ki sa mata ido a makonnin nan. In ta daina cin abinci, ta daina magana, tana kulle kanta a ɗaki, ko kika ji ta ce ita gara ma ta mutu ta huta, kada ki ce shagwaɓa ce ko ki hau ta da wa'azi. Ki kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da na feshin gona ki kai inda hannunta ba zai kai ba, ki dawo da shimfiɗarta ɗakinki, ki samu wadda ta fi sakewa da ita cikin gwaggonni ko malamanta mata ta zauna da ita, gari na wayewa ku kama hanyar asibiti.